Katsina a Cikin Tsofaffin Hotuna: Wa Aka Ɗauka, Wa Aka Bari?

 Ga waɗanda ba su samu damar sauraron shirin ba, ga shi nan a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau zancen hoto za mu yi. Kun san irin hotunan nan marasa launi da ke yawo a Facebook da WhatsApp, an rubuta a ƙasa "Katsina a 1930" ko "Kasuwar Katsina zamanin Turawa", mutane na ta turawa suna cewa Allah sarki jiya. To ni tambayar da nake so mu riƙe ita ce: idan wani matashi ɗan Kambarawa, a nan Katsina, ya tashi yau ya ce zai nemo hoton unguwarsu na shekara 70 ko 80 da suka wuce, da mutanenta da sana'o'insu, ina zai dosa? In ya je, me zai tarar? Na zaɓi Kambarawa ne don unguwa ce irin ta kowa da kowa. Ba fada ba ce, ba bariki ba ce. Kowa na iya cire sunanta ya sa na unguwarsu.

Bari mu faro daga lokacin da babu kyamara a ƙasar nan.

A 1839 aka bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto a Faransa. Shekara 12 bayan haka, a farkon 1851, wani Bajamushe mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso Katsina, kuma ya sake ratsowa a 1853. Bai zo da kyamara ba, da littafi da fensir ya zo. Zane-zanen da ya yi a tafiyarsa wani mai zane a Jamus, Martin Bernatz, shi ya gyara su aka buga a littafinsa mai juzu'i biyar da ya fito a 1857 da 1858. Wanda aka fi sani a ciki shi ne zanen Kano daga kan Dutsen Dala. Game da Katsina kuwa, Barth ya ƙiyasta kewayen ganuwa mil 13 zuwa 14, ya ce mutanen da ke zaune a ciki a lokacin ba su wuce dubu bakwai zuwa takwas ba, domin bayan yaƙe-yaƙen jihadi kasuwa ta koma Kano. Sannan ya yi wani abu mai daraja: ya zauna ya jero sunayen unguwannin birnin, da yawan gaske.

Ku lura da wannan, don shi ne kan zancen namu. Barth ya bar mana sunaye babu fuskoki. Waɗanda suka biyo bayansa da kyamara, su kuma fuskoki suka bar mana babu sunaye.

Kyamara ta shigo mana da ƙarfinta ne tare da mulkin mallaka. Kano ta faɗi a watan Fabrairun 1903, Sakkwato a watan Maris, daga nan Lugga ya wuto Katsina ya shiga ba tare da an gwabza ba, a zamanin Sarki Abubakar. Tun daga nan, su wa ke riƙe da kyamara? Razdan, da Di'o, da hafsan soja, da Baturen makaranta, da Baturen gona, da ma'aikacin kamfani, da ɗan yawon buɗe ido. Kowannensu akwai wanda yake ɗaukar wa hoton. Wani ofishin kula da ƙasashen mallaka a Landan zai aika wa, don a ga aiki na tafiya. Wani katin gaisuwa za a buga a sayar. Wani kuma albam ɗinsa zai cika ya nuna wa danginsa in ya koma gida. Babu wanda yake ɗauka don jikan mutumin da ke cikin hoton ya gani wata rana.

Shi ya sa in ka tara tsofaffin hotunan Katsina wuri guda, abubuwa kaɗan ne za ka ga suna ta maimaituwa. Sarki da fadawa. Dawaki ranar hawan Salla. Ƙofar gari da ganuwa. Hasumiyar Gobarau. Sai kuma aikin gwamnati: makaranta, asibiti, hanya, rijiya.

Mu ɗauki sarauta tukuna. Sarki Muhammadu Dikko, wanda Turawa suka ɗora a 1906 bayan sun tuɓe Sarki Yero, ya yi mulki har 1944, kuma yana cikin sarakunan Arewa da aka fi ɗauka a hoto a zamaninsa. A 1921 ya bi ta Ingila a tafiyarsa ta aikin Hajji, ya koma a 1924, ya kuma sake komawa a shekarun 1930. Duk inda ya sa ƙafa 'yan jarida na biye da shi. Farfesa Moses Ochonu ya yi littafi a 2022 mai suna Emirs in London a kan irin waɗannan tafiye-tafiye na sarakunan Arewa, kuma Dikko na da babban kaso a ciki. Abin da nake so ku gane shi ne, Dikko ba tsayawa kawai ya yi ana ɗaukarsa ba. Ya san amfanin a gan shi, ya san irin shigar da zai yi da inda zai tsaya. Mai mulki yana da ta cewa a kan hotonsa, kuma ana rubuta sunansa a ƙasa.

To kwatanta da wannan. A waccan shekarar ta 1924 an yi babban baje kolin daular Ingila a Wembley. An gina wa Afirka ta Yamma wani waje mai kama da birni mai ganuwa irin na ƙasar Hausa, aka kwaso masu sana'ar hannu daga nan aka zaunar da su suna aiki, jama'a na wucewa suna kallo, ana ɗaukarsu hoto. Har ɗaliban Afirka ta Yamma da ke karatu a Landan suka yi ƙorafi a kan yadda jaridu ke siffanta mutanenmu. Shekara ɗaya, gari ɗaya: sarki baƙo ne mai suna, masaƙi kuwa abin kallo ne.

Wuri na biyu da sunaye suka tsira shi ne makaranta. Kwalejin Katsina ta fara aiki a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a 1922. Nan Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam suka yi karatu, kafin a mayar da ita Kaduna a 1938, daga baya Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa. Hotunan ɗalibanta, a jere cikin fararen kaya, ana iya nuna wasu fuskokin a ce wannan wane ne. Me ya sa? Saboda akwai rajista, akwai malamin da ya rubuta, kuma yaran sun girma sun zama manya, mutane suka damu su gane su. Tsohon ginin kwalejin yanzu gidan adana kayan tarihi ne. In ba ku taɓa shiga ba, ku daure ku je.

Yanzu mu zo kan sana'a, wadda ita ce rayuwar yawancin kakanninmu.

Katsina gari ne na masu aikin hannu tun fil azal. Ku duba ma sunan ɗaya daga cikin manyan waliyyanta na ƙarni na 17, Ɗan Marina. Sunan da kansa yana gaya maka akwai rini a garin nan tun wancan zamani. Ga jima, ga dukanci, ga saƙa, ga ƙira, ga gini, ga fatauci. Amma kyamarar Bature ta fi bin abin da zai hau jirgi ya tafi ƙasarsu, wato auduga da gyaɗa da fata. An kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Ingila, BCGA, a 1902, don masaƙun Lancashire su samu auduga daga ƙasashen da suke mulka. Layin dogo ya isa Kano a 1911, sannan a ƙarshen shekarun 1920 aka ja wani reshe daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau har Ƙauran Namoda. Don haka hotunan tattalin arzikin lardin Katsina sun fi karkata ga kasuwar auduga, da sikeli, da buhuna, da injin gurza, da tashar jirgi.

Irin wannan hoto yana faɗar gaskiya, amma rabinta. Za ka ga manomi a layi da damin audugarsa. Ba za ka ga harajin da dole ya biya da tsabar kuɗi ba, wanda shi ne ya taso shi zuwa layin. Ba za ka ga masaƙin garinsu ba, wanda yanzu yake takarar sayen audugar nan da kamfani, sannan yake takarar sayar da zanensa da yadin da aka saƙo a Manchester. In ma an ɗauki masaƙin, abin da ake rubutawa a ƙasa bai wuce "masaƙi ɗan ƙasa" ba. Babu sunansa, babu unguwarsu, babu wanda ya koya masa. Mutum ne da ya yi shekara 40 a kan masaƙa, amma a takarda ya zama samfuri.

Akwai kuma waɗanda kyamarar ba ta kai gare su ba sam. Mai hoton namiji ne, baƙo ne, iyakarsa zaure. Aikin da ake yi daga zaure zuwa ciki, wato kaɗi, da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, da daddawa, da fura, da ɗinkin hula, da adashin da ake haɗa kayan ɗaki da shi, duk sana'o'i ne da suka riƙe gidaje. Zaren da masaƙin nan ke saƙawa, wa ya kaɗa shi? Mata ne a cikin gida. Rabin masana'antar tufafi ke nan, kuma kusan babu ita a albam ɗin Turawa. Abin da ya kan fito shi ne yarinya mai talla a bakin kasuwa, ita ma ba suna.

Kada ku ce ina nufin hotunan nan ba su da amfani. Suna da shi ƙwarai, kuma ya kamata ku san inda suke. Babban gidan adana takardun gwamnatin Ingila da ke Kew ya saki dubban hotunan ofishin mulkin mallaka a intanet a 2011, a wani shiri mai suna Africa Through a Lens, har suna roƙon jama'a su taimaka wajen gane wurare da mutanen da ke ciki. Kun ji fa, su da suka ajiye ma neman sunayen suke yi. Jami'ar Northwestern a Amurka tana riƙe da hotunan E. H. Duckworth, wani jami'in ilimi da ya daɗe yana editan mujallar Nigeria tun daga shekarun 1930, wanda ya zagaya ƙasar nan yana ɗaukar masu sana'a da 'yan makaranta. Gidan tarihin Smithsonian a Washinton yana da hotunan Eliot Elisofon na mujallar Life, wanda a 1959 ya ɗauki Sarki Usman Nagogo yana karɓar gaisuwar safe a fadar Katsina. Wani matuƙin jirgi ɗan Suwizalan, Walter Mittelholzer, ya ɗauki Kano daga sama da ƙasa a tafiyar da ya yi zuwa Tafkin Chadi a ƙarshen 1930 da farkon 1931, kuma hotunan suna ɗakin karatu na ETH a Zurich. A gida kuma akwai gidan adana takardun tarihi na ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina.

To matashin namu ɗan Kambarawa ya bi duk waɗannan. Zai ga Gobarau, zai ga dawaki, zai ga sarakuna. Amma tsarin ajiyar ba na unguwa ba ne. Hoto ya kan zo da kalma ɗaya, "Katsina", wani lokaci ma "Arewacin Najeriya" kawai. Ko da kakansa ne ke tsaye a ciki, babu abin da zai nuna masa.

Ina tarihin unguwa yake ke nan? Yana cikin gidajen unguwar.

Domin daga baya kyamara ta sauka daga hannun Bature ta shiga hannun mai hoto na gari. Manyanmu suna tuna mai akwati mai ƙafa uku, wanda ke lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, ya wanke hoton nan take a cikin akwatin. Daga nan aka samu shagunan hoto, da yawa daga masu su a garuruwan Arewa 'yan kudu ne, musamman Yarabawa, kafin 'yan gida su koya. Wannan karon mutum shi ke kai kansa, shi ke biya, shi ke zaɓar rigar da zai sa. Hoton Salla. Hoton amarya da ƙawayenta. Hoton fasfo na tafiya Makka. Tela a gaban sabon kekensa, direba ya jingina da motarsa, ɗan makaranta da kwalinsa, ƙungiyar ƙwallo ta unguwa da kofinta. A nan ne talaka ya shiga hoto a matsayin wane ɗan wane.

Wasu wurare sun gane darajar irin wannan tun da wuri. A Bamako ta ƙasar Mali, Seydou Keïta da Malick Sidibé masu shagon hoto ne kawai na gari, amma sun adana fim ɗinsu, Sidibé har yana rubuta kwanan wata da sunan bikin da ya ɗauka. A 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta bikin zane-zane na Venice. A Benin ta nan Najeriya, Solomon Alonge ya buɗe shagonsa a 1942, ya yi shekaru yana ɗaukar fada da mutanen gari, yau tarin aikinsa yana Smithsonian. J. D. 'Okhai Ojeikere kuwa tun 1968 ya dinga ɗaukar kitson matan Najeriya har ya tara kusan dubu. Abin da ya raba su da ɗimbin takwarorinsu ba gwaninta kaɗai ba ce. An ajiye aikinsu, an kuma san na wane ne.

Namu fa? Suna cikin adaka da ƙasan akwati da bayan madubi. Gara na ci, damina na jiƙawa, ana zubarwa in an zo rabon gado ko sabon gini. Mafi muni, waɗanda za su kalli hoton su ce wannan Malam wane ne, a ƙofar gidan wane aka ɗauka, shekarar da aka yi kaza, suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ranar da tsohuwar ƙarshe da ta san fuskar ta rasu, hoton gidanku ya koma daidai da na Bature: fuska babu suna.

Ga kuma wata sabuwar matsala. Hoton da ba shi da suna kowa na iya laƙa masa nasa. Za ka ga hoto ɗaya, yau an ce Katsina, gobe an ce Kano, jibi an ce Zinder. Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira, wadda ke shafa wa tsohon hoto launin da ta ga dama, ta gyara fuska har ta sauya kama, ko ma ta ƙirƙiro hoton da ba a taɓa ɗauka ba. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, wanda ya rubuta The Transformation of Katsina a 1981, abin da aka san shi da shi ke nan: kada ka karɓi wata hujja sai ka tambayi wa ya samar da ita, yaushe, kuma don me. Hoto ma haka za a yi masa.

Kuma sanin tarihi kaɗan yana ba ka makamin tantancewa. In aka nuna maka tashar jirgin ƙasa aka ce birnin Katsina ne a 1940, ka san ba haka ba ne, don layin dogo na Turawa bai zo birnin ba. Aikin layin Kano zuwa Maraɗi da ya biyo ta Katsina a 2021 aka ƙaddamar da shi. In ka ga motoci na bin hannun hagu, kafin Afrilun 1972 ne. In farashi a jikin allo da fam da sule yake, kafin naira ta fito a Janairun 1973 ne. Allon ofis ma yana magana: Jihar Arewa ta Tsakiya daga 1967 ne, Jihar Kaduna daga 1976, Jihar Katsina kuwa daga Satumban 1987. Ka duba rufin gidaje, soro ne ko kwano. Ka duba ko akwai turakun lantarki. Sannan ka juya bayan hoton, sau da yawa hatimin mai hoto yana nan da sunan shagonsa.

To me ya rage mana? Aikin ba ya bukatar digiri, waya da haƙuri kawai yake so. Ka je wurin mafi tsufa a gidanku, ka gaishe ta yadda ya kamata, ka ce Hajiya ko Inna, don Allah a fito mana da hotunan nan. Ka kunna rikoda ka bar ta ta yi bayani da bakinta. Wane ne wannan? Ɗan wa ne? Me yake yi? A ina aka ɗauka? Wa ke sarauta lokacin? Ka ɗauki gaba da bayan kowane hoto a inuwa, ka rubuta bayanin da fensir a baya, kada ka sa biro, kada kuma ka kai a manne shi da leda mai zafi, don ɓata shi take yi. Ka tura wa 'yan uwa biyu ko uku, saboda waya na faɗuwa. Kafin ka sa a intanet ka nemi izini, musamman hotunan iyayenmu mata. Ba duk abin da aka adana ne ake bazawa ba. In kuma akwai tsohon mai hoto a unguwarku, ko 'ya'yansa, ku tambaye su ina tsofaffin fim ɗin suke kafin a kai su bola.

Ku yi lissafi. In gida 50 a Kambarawa kowanne ya fito da hoto 10 da sunayensu da shekarunsu, an samu hoto 500 na unguwa ɗaya, da telolinta da malamanta da 'yan kasuwarta da amarenta. Babu wani gidan tarihi a Landan ko Washinton da zai iya haɗa wannan, don su ba su da wanda za su tambaya. Mu muna da su, amma ba har abada ba.

Nan za mu tsaya a yau. Wanda ya gwada, ya ba mu labarin abin da ya tono, da sunan unguwarsu. Allah ya jiƙan magabatanmu, waɗanda aka ɗauka da waɗanda aka bari. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.